Wane itace ne zai yi mini shinge a ƙasar laka? Marka ta kashe mini wanda na dasa

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sanin shuke-shuke ku taimaka mini da shawara. Bara muka tare a sabon gidanmu nan bayan Rigachikun, Kaduna. Katangar gaba gajera ce, duk wanda ya wuce a kan babur sai ya hango tsakar gida, ga shi maƙwabcinmu ya ɗora bene. Ina son shingen itace wanda zai tashi da sauri, ya yi duhu, kuma ba ya zubar da ganye da rani. A watan Yuli na sayi yalo bush tushe 40 da bogenbiliya 6 aka dasa mini. Marka na kamawa a Agusta ganye ya fara yaushi yana zuba, yau tushe 7 ne kawai ke da rai. Ƙasar wurin laka ce baƙa-baƙa. In an yi ruwa ta riƙe takalmi, da rani kuma ta dare, ta yi taurin da diga ke tsalle a kanta. Me zan dasa?

Baban Sadiq: Wa'alaikumus salam. Hajiya ki sa a kawo miki tifa ɗaya ta yashi a gauraya da ƙasar, shi ke nan magana ta ƙare.

Mai Fulawa: Hajiya sannu da haƙuri. Kafin in ce komai, yaya aka yi ramukan? Kuma da ganyen ya fara yaushi, kin ƙara musu ruwa?

Maman Ilham: Yaron wanda ya sayar mini ne ya zo ya haƙa. Rami mai zurfi, ya kai gwiwa, ya kwashe lakar ya zubar, ya cika da baƙar ƙasa mai laushi da ya zo da ita a buhu. Na ma ji daɗin aikin. Ruwa kuwa, eh, da na ga sun langaɓe na sa ana ba su safe da yamma ranar da ba a yi ruwan sama ba.

Baba Malamin Gona: To 'yata, kin riga kin ba da amsar da bakinki. Ba irin itacen ne ya kashe miki shinge ba, ramin ne.

Ki ɗauka kin samu tukunyar ƙasa, kin cika ta da ƙasa mai laushi, kin dasa fulawa a ciki, amma ba ki huda gindin tukunyar ba. Abin da yaron nan ya yi miki ke nan, tukwane 46 ya jera miki a bakin katanga. Ruwan da ya sauka a tsakar gida ba ya iya ratsa laka da sauri, sai ya bi ya gangara inda ya samu laushi, wato cikin ramukanki, ya zauna. Saiwar itace numfashi take yi kamar ni da ke. Iskar da take shaƙa tana cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cike ƙofofin nan kwana biyu, uku, huɗu, ƙananan saiwoyi sai su shaƙe su ruɓe. Saiwar da ta ruɓe ba ta jan ruwa, shi ya sa ganye ke yaushi alhali gindin na cikin ruwa tsundum. Mai shuka kuma ya ga yaushi sai ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Na ga wannan a lambunan mutane ba sau ɗaya ba ba sau goma ba lokacin da nake aiki.

Ki je ki tuge ɗaya daga cikin matattun ki sansana saiwar. In ta yi baƙi, fatarta na saɓulewa a hannu, tana wari, to ruwa ne.

Maman Ilham: Innalillahi. Baba wallahi na tuge ɗaya tun kwanaki, warin kamar na kwata. Ashe da hannuna na ƙarasa su.

Baban Sadiq: Shi ya sa na ce yashi. Yashi ne maganin ruwa.

Baba Malamin Gona: Baban Sadiq, ka taɓa tsayawa wurin masu ginin tukwane? Ka lura suna zuba ɗan yashi ko garin fasassun tukwane a cikin yumɓu? Ba don ya yi laushi suke yi ba, don tukunyar ta yi ƙarko ne. Ƙwayar laka ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba. In ka zuba mata yashi kaɗan, ita ce za ta shige tsakanin ƙwayoyin yashin ta liƙe su, ka samu abu mai kama da bulo. Kafin yashi ya canza halin laka sai ya kai kusan rabin ƙasar gaba ɗaya. Ka lissafa tsawon katanga, ka lissafa zurfin da saiwa ke bi, ka ga ko tifa ɗaya za ta yi.

Baban Sadiq: Baba ni fa a gidana na zuba kuma ya yi.

Baba Malamin Gona: A ina gidan?

Baban Sadiq: Gumel.

Baba Malamin Gona: Ɗana, kai da ke zaune a kan jigawa me ya haɗa ka da laka? Yashi ka zuba a kan yashi.

Hajiya Babba: Hahaha Malam a yi masa a hankali, yaro ne.

Ni dai 'yata in kin ji tawa, ki bar fulawoyin Turawan nan ki dasa lalle. Gidan kakarmu a bayan gari dangar lalle ce ta zagaye lambun, kuma wurin fadama ne, da damina sai an naɗe zane ake shiga. Lalle bai taɓa cewa uffan ba. Reshe kawai ake sokawa ya kama. In ya girma ya yi cunkus, tsofaffin rassan su yi tsini kamar ƙaya, akuya ba ta ratsawa. Ga furensa da ƙamshi da daddare, ga ganye ki daka ki yi ƙunshi, ki ba maƙwabta. Wanne yalo bush zai ba ki wannan?

Mai Fulawa: Hajiya Babba, lalle na da juriya, ban musa ba, laka ba ta damunsa. Amma ki tuna abin da ta nema: wanda ba ya zubar da ganye. Lalle in hunturu ya busa kuma ba a ba shi ruwa, yana kakkaɓe ganye ya bar tsirarun rassa. Daga Janairu zuwa Afrilu za a riƙa leƙen gidan ta cikinsa.

Hajiya Babba: To ba sai ta ba shi ruwa ba? Wanne ne a cikin naku ke rayuwa da rani ba ruwa?

Mai Fulawa: Nan kam kin kama ni. Gaskiya babu. Kuma wannan ita ce maganar da ba mu cika faɗa wa masu saye ba. A ƙasar nan tamu da ake wata shida ba ɗigon ruwan sama, kore shar shekara cur ba halin itace kaɗai ba ne, da sa hannun mai tiyo. Maman Ilham, akwai burtsatse a gidan?

Maman Ilham: Akwai, alhamdu lillahi. Matsalar wuta ce kawai, amma muna cika tanki.

Mai Fulawa: To bari in faɗa miki abin da na gani da idona cikin shekarun da na yi ina wannan sana'a a Kaduna, ba abin da na ji ba.

Bogenbiliya ki cire ta daga lissafi a wannan wurin. Ita marmara take so da tsakuwa da rana mai zafi, in ta sha wuya ma ta fi yin fure. Gindinta ya kwana biyu a ruwa ta tafi. In kina sonta dole, ki sa ta a babban mazubi mai huda ki jingina da katanga.

Iksora, mai jan furen nan dunƙule-dunƙule, kyakkyawa ce kuma ba ta zubar da ganye, amma nawa gare ta. Shekara biyu ba ta kai ƙugunki ba. Kuma in ƙasa na da kanwa-kanwa, ko kusa da bulo inda siminti ya zuba, ganyenta sai ya koma rawaya.

Yalo bush kuwa, kada ki yi fushi da shi. Sunansa na littafi duranta, kuma iri biyu muke da shi. Akwai mai ruwan ɗorawa wanda kika saya, shi na ado ne, ana aske shi a bar shi gajere a gefen hanya. Akwai koren, mai ɗan fure shuɗi-shuɗi, shi ne mai gudu. In ya samu ruwa da taki, damina ɗaya da rani ɗaya ya wuce tsayin mutum, in an bar shi ya ninka haka. Yana jure laka matuƙar ruwa ba ya kwanciya a gindinsa. Don tare ido, shi zan fara ba ki. Tazara taku ɗaya da rabi, kamar santimita 45 zuwa 50. Sharaɗinsa aski. In ba a aske shi duk wata da damina, sai ya miƙe sama ya bar ƙasa a buɗe.

Na biyu habiskus, mai babban jan fure kamar na kuɓewa, don dangi ne. Ya fi duranta son danshi, don haka laka mai taki ta yi masa. Yana da sauri shi ma. Aibinsa biyu: farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a toho, da kuma akuya. Akuya na ganinsa kamar ta ga harawa.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in katse ku. Maman Ilham, yaranki shekara nawa?

Maman Ilham: Ilham 6, ƙanenta 3.

Anti Nas: To a sa wannan a lissafi. Koren durantan nan yana yin 'ya'ya ƙanana ruwan goro, gungu-gungu, abin sha'awa ga yaro, kuma suna da guba. Ban ce kada ki dasa ba, aski a kai a kai yana hana shi 'ya'ya sosai, amma ki sani. Wanda zan ce kada ki bari ya shigo gidan ko kyauta aka ba ki shi ne oliyanda, mai siririn dogon ganye da fure ruwan hoda ko fari, da ɗan uwansa mai fure rawaya kamar mazurari. Masu fulawa na son tallarsu don ba sa zubar da ganye kuma ba sa mutuwa da sauƙi. Daga ganye har fure har ƙwallo dafi ne mai taɓa bugun zuciya, ko itacensa ba a hura wuta da shi. Haka bini-da-zugu: yara na fasa 'ya'yan su ci kamar gyaɗa, sai amai da gudawa.

Mai Fulawa: Gaskiya ne Anti. Ni ma ba na ba mai ƙananan yara oliyanda. Bini-da-zugu kuma dama tsirara yake yi da rani, bai shiga wannan zance ba.

Ɗan Firgi: Salam. Ina karanta ku ina dariya, wai laka mai kama takalmi. Ku zo Dikwa ko Marte ko Ngala ku ga firgi. Da rani ƙasa na darewa har ƙafar mutum ta faɗa, da damina mota ba ta motsi. Mu a can mun san ƙasar nan ba a yi mata dole. Dawar masakwa ma sai ruwa ya janye, wajen Satumba zuwa Oktoba, ake dasa ta, ta rayu da danshin da lakar ta riƙe ba tare da ruwan sama ba. Wato abin da ke kashe shuka da damina shi ne dai ke rayar da ita da rani.

Hajiya, shawarata ki zaga unguwarku da ƙafa ki ga abin da ya fito da kansa a filayen da ba a gina ba. A wurinmu abin da ke tsayawa a firgi bagaruwa ce da dushe da aduwa. Bagaruwa in an dasa ta kusa-kusa ana sare kanta tana yin shingen da ko ɓarawo sai ya yi tunani.

Maman Ilham: Bagaruwa a ƙofar gida Malam? Da ƙayar nan? Ai maigidan sai ya kore ni da ni da ita.

Ɗan Firgi: Hahaha to a bar ta a gona. Amma abu ɗaya: in wani ya kawo miki ɗan uwan ƙirya na ƙasar waje, wanda ake ce wa furosofis, ya ce miki kore ne kullum kuma yana da sauri, gaskiya ya faɗa, amma ki guje shi. An kawo shi yankin Sahel don tare hamada, dabbobi suka ci 'ya'yan suka watsa irin, yanzu a kewayen tafkin Chadi ya cinye wurare, manoma da masunta na kuka da shi.

Na Maraɗi: Mu nan wajenmu masu garka a bakin gulbi suna yin shinge da dirga, wadda ku kuke ce ma jirga ko tsattsagi, da magarya, da lalle kamar yadda Hajiya ta ce. Dirga na jure aski, ƙananan ganye gare ta, tana saƙa rassa da kyau. Sai dai ba ta da saurin da kuke nema, kuma bisashe na son ta. Aguwa kuwa ta tudu ce, kada a kai ta laka, ruɓewa za ta yi.

Injiniya: Kowa na maganar ganye, ba wanda ya yi maganar katanga. Hajiya, lakar da ke darewa da rani tana kumbura da damina. Wannan kumburi da motsewa shi ke tsaga gine-gine a irin wannan ƙasa. In kika dasa abu mai shan ruwa da yawa jikin katanga, zai tsotse danshin gefe ɗaya, ƙasar ta motse, tushen ginin ya zauna ta wannan gefen. In kuma kina kwarara ruwa kullum a gindin bulo, gefen ya kumbura. Ko ta ina katanga ce ke shan wahala. Ki ja layin shukar baya, aƙalla taku uku daga katanga, kusan mita 1. Daga jikin ɗakunan kwana kuma ya fi haka. Sannan ki nisanci sokawe da bututun ruwa.

Kuma don Allah kada a ce miki fikus. Ina nufin mai ƙananan ganye masu sheƙi da ake askewa kamar ƙwallo a gaban otal-otal. Dangin ceɗiya ne da durumi, kun kuwa san abin da saiwar ceɗiya ke yi wa gini.

Mai Fulawa: Injiniya ka taɓa mini kasuwa, fikus na cikin abin da ya fi fita a wurina. Kuma fa yana jure laka, yana da duhu, ba ya zubar da ganye.

Injiniya: Na sani. Ni kuma ake kira in ya fasa sokawe.

Baban Sadiq: To darbejiya fa? Ita kam ba wanda zai ce ba ta da sauri. A makarantu da yawa na ga an dasa ta a jere ana askewa.

Baba Malamin Gona: Yanzu ka yi magana. Darbejiya, ko dogon yaro, ko maina, duk ita ce. Asalinta ƙasar Indiya da maƙwabtanta, a Borno aka fara dasa ta a ƙasar nan wajen 1928, ka ga kuwa yadda ta zama 'yar gida. Ana yin shinge da ita, kuma da rani tsakiya tana kore lokacin da kowa ya bushe. Amma abu biyu. Na ɗaya, abin da ta fi ƙi a duniya shi ne kwanciyar ruwa. Ka duba fadama da kyau, ba ka cika ganinta a inda ruwa ke zama ba, tana tsayawa ne a gefen tudu. Na biyu, ita bishiya ce, ba ta mance hakan. Shekarar da aka yi sakaci da almakashi ta zama abin da Injiniya ke tsoro. A makaranta mai fili, eh. A gaban gida mai ƙafa 50, a'a.

Tunda an zo nan bari in kawo nawa, wanda ba mai fulawar da zai tallata miki don ba a samun kuɗi da shi: shuwaka. Reshe ake yankowa mai kaurin yatsa, tsawon kamu biyu, a soka. Cikin mako biyu zuwa uku ta yi toho. Tana son ƙasa mai nauyi mai danshi, tana kai mita 2 zuwa 3, in ana ba ta ruwa da rani ba ta tsiraita, kuma yawan tsinkar ganyen shi ke sa ta yi rassa. Ba ta da kyan gani irin na duranta, ganyenta fato-fato ne, ba a yi mata askin kwabo. Amma ki yi miya, ki yi wa mai jego fate. Sai kuma gwaiba. Mutane na ɗaukarta bishiya, amma in aka datse kanta tun tana ƙarama tana yin rassa daga ƙasa, kuma a cikin itatuwan marmari tana cikin masu jure laka da ɗan kwanciyar ruwa. Lemo ne ba ya jurewa, shi gindinsa ke ruɓewa. Zogale ma haka.

Hajiya Babba: Shuwaka kam na yarda. A haɗa da lalle.

Maman Ilham: Kai, na gode ƙwarai, kaina har ya cika. Amma Baba, ko wanne na zaɓa, in na sake sa shi a ramin nan ai mutuwa zai yi. Yaya zan yi da ƙasar?

Baba Malamin Gona: Yawwa, tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan.

Da farko ki gwada wurin. Ki sa a haƙa rami uku a tsawon katangar, farko da tsakiya da ƙarshe, kowanne zurfin santimita 30, faɗi ma haka. A cika da ruwa a bari ya tsotse, a sake cikawa, sannan ki duba agogo. In ya shanye cikin 'yan awoyi, lakarki mai sauƙi ce. In ya kwana ya wuni yana nan, sai an ɗaga shukar sama. Ki kuma duba launin ƙasar da aka fito da ita. Ja ko ruwan ƙasa alama ce iska na shiga. Toka-toka mai ɗigon tsatsa alama ce ruwa na daɗewa a wurin duk shekara.

Maganin kuwa manoman doya da rogo da dankali sun riga mu saninsa: kunya. Maimakon a haƙa ƙasa a binne itace, sai a tada doguwar kunya a bi katanga da ita, tsayi kamar santimita 30 zuwa 40, faɗi kusan mita 1, mai faffaɗan kai ba mai tsini ba. A fara sassara ƙasar wurin da diga tukuna don kunyar ta haɗe da ita. Ƙasar kunyar kuma lakar wurin ce dai za a farfasa, a cuɗa da ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na taki, kashi biyu ko uku na ƙasa. Kashin shanu da ya shekara, ko takin bola da aka tsince leda da kwalba, ko ɓuntun shinkafa. Ɓuntun in an babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba ya fi, don ɗanyensa na kiran gara. Ɗanyen kashin kaji kada ya kusanci saiwa, ƙonawa yake. Taki shi ke sa ƙwayoyin laka su dunƙule su zama 'yan curi-curi, iska da ruwa su samu hanya. Ba aikin rana ɗaya ba ne, duk shekara za ki riƙa ƙarawa a sama, tsutsotsin ƙasa irin su tana da sauran ƙwari su shigar da shi ciki.

Wurin dasawa, kada wuyan itacen ya nutse. Inda ƙasar leda ta tsaya, nan ƙasar kunya za ta tsaya, ko ma ya ɗan fi ta tudu. A yage ledar gaba ɗaya, in saiwa ta nannaɗe a warware ta. Sannan a rufe kan kunyar da busasshiyar ciyawa don kada rana ta dare ta, amma a bar tazarar yatsu huɗu daga jikin itacen saboda gara da ruɓa.

Kuma kada a taɓa laka tana jiƙe sharkaf. Shebur na shafe gefen rami ya yi sumul kamar an yi yaɓe, ƙafa kuma na danne ta. A jira sai ta kai yadda in kin dunƙula kin matsa za ta ruguje.

Injiniya: In ƙara a kan na Baba: ruwan da kunyar ta ƙi, dole ya samu inda za shi. A ja 'yar magudana a gabanta mai gangara zuwa lambatun waje. Kuma ki duba inda indararon rufinku ke zuba. Sau da yawa shi ne ke cika wurin, ba ruwan da ke sauka kai tsaye ba.

Maman Ilham: Injiniya kamar kana gidan. Indararo biyu ne ke zuba daidai wurin.

Mai Fulawa: To ka ji. Saura lokaci. Ni a ganina ta jira farkon damina, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ta dasa, kafin marka saiwa ta kama.

Baba Malamin Gona: Ga wanda ba shi da ruwa, haka ne. Ita tana da burtsatse. Ni da ni ne yanzu zan dasa, cikin Oktoban nan, ƙasa na da sauran danshi da ɗumi, ta yi laushin aiki, kuma ruwan da za su sha a hannunta yake, ita ke aunawa. Kafin Agusta mai zuwa sun yi wata goma, sun yi ƙarfin da za su jure.

Mai Fulawa: Baba hunturu fa? Sabon dashe in iskar Disamba ta same shi yana tsayawa cak, wani ya ƙone.

Baba Malamin Gona: Yana tsayawa a sama, a ƙasa yana aiki. Ga katanga na kare shi. In ta dasa kafin 20 ga wata yana da mako shida ko fiye kafin sanyi ya yi tsanani. Abin da zan ja mata kunne a kai shi ne ban ruwa: laka ba ta son kullum-kullum. Makon farko a ba su kowace rana kaɗan, daga nan a koma sau biyu ko uku a mako, a ƙoshar da su. Kafin a ba su, ta tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi a bari sai gobe.

Mai Fulawa: Ban gamsu duka ba, amma tunda ga ruwa, a gwada. Ni dai da Yuni na saba.

Baban Sadiq: Duk kun manta da mai bene. Shinge mai mita 2 zai hana na sama leƙe ne?

Mai Fulawa: Wallahi ka yi gaskiya, yau ka fanshi kanka. Wannan sai dogon itacen nan siriri mai ganye a sunkuye da muke ce wa maskwaret. Asalinsa Indiya, yana miƙewa sama kamar sanda, ba ya faɗi, ba ya zubar da ganye in yana samun ruwa. Uku ko huɗu daidai saitin tagar benen sun isa. Sai dai shekara biyun farko ba ya sauri, sai ya kafu yake harbawa.

Injiniya: Shi ma a ba shi tazara daga gini, mita 2 ko fiye. Kafin ya tashi kuma, a kafa rumfar inuwa a tsakar gidan, ta fi komai sauri.

Mai Kula da Zaure: Jama'a masu turo tallar maganin ƙwari da lambar waya a ƙarƙashin wannan zance, na goge. A bari a ƙaru.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Shekaranjiya aka haƙa ramuka ukun. Na wajen get ya shanye kafin la'asar, ƙasarsa ja-ja ce. Na tsakiya ya kai washegari da safe. Na kusurwa inda indararo ke zuba har yanzu da ruwa a ciki, kwana biyu ke nan, kuma ƙasar toka-toka ce mai tsatsa kamar yadda Baba ya faɗa. Da na duba, tushe 7 ɗin da suka rayu duk a wajen get suke.

Mun yi shawara da maigidan. Mai gyaran famfo zai zo ya karkatar da indararon zuwa lambatu. Za a tada kunya daga get zuwa tsakiya a sa koren duranta, zan riƙa askewa kafin ya yi 'ya'ya saboda yara. Daga tsakiya zuwa kusurwa shuwaka da lalle, Hajiya Babba ta yi nasara. Maskwaret uku saitin bene. Kusurwar kanta ban san me zan yi da ita ba.

Baba Malamin Gona: Kusurwar kada ki sa mata itace bana. Ki bari a gyara indararon ki ga halinta damina ɗaya. In kina ƙyamar ganinta fili, ki nemo jema daga fadama, ciyawar da ake saƙa faifai da ita, ki dasa tushe biyar ko shida. Ita ruwa ba ya kashe ta, saiwarta kuma ƙasa take nutsawa ba gefe ba, Injiniya ba zai yi faɗa ba.

Injiniya: Jema ba ruwana da ita.

Hajiya Babba: Lallen kada ki saya. Ki sa a yanko miki rassan da suka ƙosa, masu kaurin fensir, ki soka bibbiyu a rami don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya kama. Shuwaka kuwa duk gidan da kika gani a unguwarku ki yi sallama ki roƙa, ba mai hana ki reshe.

Maman Ilham: Akwai wata maƙwabciyarmu a layin baya da take da ita har ta leƙo waje. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga da almakashina.